Alhaji Rabe Mai Roka da Ciyawar Roba

Ranar Talata da hantsi labarin ya iso tashar Magama. Muna zaune a rumfar mai shayi sai ga fijon Ɗanjuma, wanda ke jigila tsakanin Katsina da Jibiya. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, sai ya kashe mota. Duk wanda ya san tashar nan ya san Ɗanjuma ba ya kashe motar nan da rana, domin in ta mutu sai an tura take tashi. Bai kira fasinja ba, bai nemi canji ba. Ya fito ya tako har bakin rumfa, ya yi sallama, ya ce, "Alhaji Rabe ya cika a asibiti. Gawa na tahe bayana." Mai shayi ya ajiye butar da ke hannunsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Direbobi daga Maraɗi da Katsina da Ƙauran Namoda suka jera motocinsu a bakin hanya, ranar ba a yi lodi a tasha ba.

Tun daga ranar mutane ke ta faɗin alherinsa a zaman makoki, kuma ban ji wanda ya yi ƙari ba. Ni sunana Sada. Ba ɗansa ba ne ni, ba mu kuma haɗa dangi ba. Abin da ke tsakanina da shi ya samo asali ne daga wani kuskure da ya yi, wanda ya bar ni da ɗingishi har yau. Wasu sun ce kada in tada wannan magana tunda mai ita ya kwanta dama. Na duba na ga shi da kansa bai taɓa ɓoye ta ba, a gaban jama'a ya faɗe ta. In kuma na tsallake ta, ban san ta inda zan nuna wa wanda bai san shi ba irin mutumin da aka rasa.

Alhaji Rabe direba ne tun zamanin da ake tuƙi hannun hagu a wannan gefe, in an tsallaka iyaka a koma hannun dama. Ya yi karen mota, ya tuƙa motocin wasu, daga baya ya mallaki roka, babbar motar kaya, guda tasa ta kansa, da ita kuma aka san shi. Yakan ɗauki gero da wake da fatu ya yi kudu, ya komo da siminti da kwanon rufi, wani lokaci ya bi ta Maraɗi har Kwatano. Gajere ne mai tumbi, mai saurin magana, mai saurin fushi, sai dai in ya yi maka faɗa da safe, da azahar shi zai kira ka ku ci tuwo.

Na fara saninsa ina dako a tasha. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, na bar makaranta da wuri na shiga ɗaukar buhuna, da su nake ci da mahaifiyata da ƙannena mata. Mu 'yan dako mun san direbobi ta inda ba kowa ya san su ba. Akwai wanda sai ya ci abinci, ya yi salla, ya yi hira, sannan ya tuna kuna tsaye. Alhaji ba ya kai ruwa bakinsa sai ya sallami waɗanda suka yi masa lodi. In ya ga an ɗora wa mutum buhu biyu don a yi sauri, sai ya daka tsawa: "Ku sauke guda! Mota an rubuta mata abin da za ta ɗauka. Shi wanga, wa ya rubuta mishi?"

A shekarun fari, da mutanen arewa suka riƙa kwararowa ta iyaka da 'yan dabbobin da suka rage musu, yakan ɗaure duro na ruwa a bayan mota duk tafiya, ya tsaya inda ya ga an yada zango. Ban taɓa jin wannan labari daga bakinsa ba. Daga bakin yaran motarsa na ji, suna gunaguni, don su ke ɗibar ruwan.

Yana da aibi guda da kowa ya sani, shi ne son sabon abu. Shekarun nan kuɗin mai ya shigo ƙasa, kaya iri-iri na ta ratsa iyaka, kuma ba wanda zai wuce ta gabansa bai taɓa ba. Shi ya fara kawo rediyo mai kaset unguwarmu. Ya sayi agogo mai ƙara, ya sayi fanka mai batir, ya sayi wata tukunya da aka ce tana dafa wake kafin a gama alwala, wadda ta yi tsalle da murfinta ta huda rufin madafin Hajiya matarsa. In aka yi masa magana sai ya ce, "Wanda ya ƙera abin ga ba wawa ba ne. Mu gwada mu gani."

Sai kuma ƙwallo. Bai taɓa buga ta ba, kuma har ya bar duniya ban tabbata ya gane dokar satar gida ba. Amma shi ke saya mana ƙwallo, shi ke kai mu wasa ƙauyuka a bayan rokarsa, ya tsaya bakin fili da babbar riga yana ihu, "Ku buga gaba! Mi kuke nema baya?" Ni ke buga gaba a ƙungiyar samarin gari, ƙafa ba takalmi, kuma ana cewa ina da juyi.

Filinmu yana bayan gari ta wajen gulbi. Da can kiri-kiri ya rufe shi, ciyawar nan mai yaɗo da ke kama ƙasa. Fari ya cinye ta, awaki suka ƙarasa saura, aka bar mu da rairayi da tsidau. Gaban gola ya fi ko'ina lalacewa, ya zama kwari kamar inda jakuna ke birgima. Mati, mai tsaron gidanmu, ɗan mahauta ne mai baki, kullum cewa yake shi ba ƙwallo yake tsaro ba, kabarinsa yake haƙa a hankali.

Wata tafiya Alhaji ya ɗauko wa wani attajirin Kano kaya daga Kwatano. Cikin kayan akwai naɗe-naɗen wata shimfiɗa ta roba, kore shar, mai gashi-gashi kamar ciyawar da aka yi wa aski. Attajirin zai kewaye sabon gidansa da ita. Man gas ya zubo wa wasu naɗin a hanya, mai kaya ya ce ba ya son su, Alhaji ya karɓe su a bakin wani abu daga ladansa. A Kwatano wani mai kanti ya gaya masa cewa a ƙasashen Turawa an fara buga ƙwallo a kan irinta, ba ta son ruwa, akuya ba ta cinta. Wannan zance na akuya shi ya kama shi. Abin da ya samu ba zai isa fili duka ba, sai ya ce a shimfiɗa gaban gola biyu, inda ramin yake.

Da aka gwada ta a kan rairayi sai ta riƙa tattarewa. Aka ce ƙasa mai tauri take so. Ba wanda ya taɓa ganin yadda ake yi, don haka muka yi abin da muka sani. Alhaji ya kwaso jar ƙasa da tsakuwa da rokarsa, ya aika ƙauyen Mazanya aka zo da tsofaffin mata masu daɓe, irin waɗanda ake kira in za a gyara ɗakin amarya. Suka jera da madaɓansu suna duka suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, har wurin ya yi duhu yana sheƙi, in ka buga dunduniya sai ka ji kamar dutse. Ɗaya daga cikinsu ta ɗago ta ce, "Alhaji, wai wace amarya ce za a kawo nan, ba bango ba rufi?" Ya nuna Mati ya ce, "Ga ta can, Gwaggo, tana jin kunya." Sunan Amarya ya bi Mati har yau. Aka shimfiɗa roba, aka ja ta sosai, aka kafe gefunanta da manyan ƙusoshi.

Gari ya ɗauka. Ranar kasuwa mutane daga Daddara da ƙauyukan bakin iyaka suka riƙa ratsowa kallo. Mai hoto ya kafa akwatinsa a wurin, ango da abokansa su zo su jera a ɗauke su. Wani Bafillatani ya jawo ɗan maraƙinsa don ya ga ko zai ci, maraƙin ya sunsuna ya juya. Alhaji ya ƙara mana da takalman ƙwallo masu haƙora daga Kano, ya ce tunda fili ya waye, ƙafa ma ta waye.

Abin ya nuna kansa tun farko, ba mu dai kula ba. Da la'asar robar kan ɗau zafi har ta ƙona tafin wanda ba takalmi. Mati ya yi tsalle guda ya tashi da gwiwar hannu a saɓule, ya ce, "Alhaji, ɗakin ga naka cizo yake." Aka yi dariya. Ni kuma na lura in na fito daga rairayi na hau kanta, ƙafata kan tsaya cak kamar an riƙe ta. Na ɗauka alheri ne, tunda ba zamewa.

Samarin Maraɗi, su da ke kiran ƙwallo balo, suka zo mana wasan zumunci. Bayan an dawo hutu aka jefo mini ƙwallo ta hagu. Na shigo da gudu, na taka robar da ƙafar dama, na juya zan bi ƙwallon, irin juyin da na saba yi a kan ƙasa tun ina yaro. Jikina ya juya. Ƙafar ba ta juya ba. Na ji ƙara a cikin gwiwa kamar an karya ɗanyen kara, na faɗi. Ba wanda ya taɓa ni. Ɗan bayansu da ya fi kusa da ni ma da tazara tsakaninmu, har ya ɗaga hannuwa sama yana rantsuwa. Kafin a cire mini takalmi gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙoƙo.

Alhaji ya sa aka ɗora ni a rokarsa, ya kai ni Daddara wurin Malam Labo maɗori. Tsohon ya laluba, ya lanƙwasa, ya jawo ƙaurin gaba ya ga yana biyo hannunsa. Ya ce, "Alhaji, ƙashi lahiya lau yake. Abin da ya tsinke igiya ce, tana can ciki. Ni ƙashi nika ɗorawa, ban iya ƙulla abin da ban gani ba." Washegari muka tafi asibiti Katsina. Likita ya zuƙe jini da ruwa da allura, ya sa mini filasta, ya ce ƙwallo ta ƙare, kuma kada in ƙara ɗora nauyi a ka, domin gwiwar za ta riƙa gocewa.

Mutane sun yi ta mini jaje kan ƙwallo. Ƙwallon bai dame ni yadda suka zata ba. Dakon ne ya dame ni, domin a gidanmu sai na ɗauki buhu ake ɗora tukunya. Da aka cire filastar na lallaɓa tasha na gwada buhun gero guda. Na yi 'yan taku, gwiwar ta goce, na zube da shi a gaban abokan aikina. Suka ɗauke buhun.

A kwanakin ne magana ta tashi a gari cewa asiri 'yan Maraɗi suka binne a gaban gola. Hujjar masu faɗa ita ce ba wanda ya taɓa ni. Wani ya ce ya ga ɗayansu yana tofi a bakin fili. Samari suka fara shirin tare motocin Maraɗi a Magama, a garin da kusan kowa ke da kawu ko gwaggo a can. Manya kuma suka ce ƙaddara ce, a bar zancen, ga wasan Salla na zuwa, an gayyaci baƙi su zo su ga filin. Duk maganganun biyu sun wanke Alhaji, kuma abokansa sun so ya riƙe ɗaya.

Bai riƙe ko ɗaya ba. Mati ne ya ba ni labarin abin da ya yi. Wata safiya ya kira shi ya ce ya zo da takalmin ƙwallo. Ya tattare babbar riga, ya cusa ƙafarsa a ciki, ya hau roba, ya dasa ƙafa, ya murɗa jiki a hankali. Ya sauka ya yi haka a kan rairayi. Sannan suka gangara bakin gulbi inda sauran kiri-kiri yake, ya sake yi. Ya yi ta zagaye tsakanin wuraren nan yana haki, mata masu ɗibar ruwa na kallonsa suna rufe baki da gyale. Mati ya ce, "Alhaji, in gwaji kake a ɗauke ka ƙungiya, wallahi mun cika." Alhaji bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya nuna masa inda haƙoran takalmi suka tumɓuke ciyawar gulbi da ƙasarta. Ya ce, "Ka gani? Wagga ta yarda ta tsinke. Rairayi ya yarda ya watse. Tawa ba ta yarda da komi ba, sai gwiwar yaro ta tsinke a madadinta."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya tsaya a tasha inda samari suka taru. Ya ce, "Ku saurara. Ba ɗan Maraɗin da ya yi ma Sada komi. Wanda ya binne abu gaban gola ni ne, da rana tsaka, kuna kallo kuna tafi. Mai neman motar da zai tare, ga tawa nan." Wani dattijo ya ce, "Haba Alhaji, ai ba da nufi ka yi ba, kuma komi rubutacce ne." Ya ce, "Rubutacce ne, Baba, ban musa ba. Amma ta hannuna ya biyo." Aka roƙe shi ya bari sai bayan Salla. Ya ce yaran da za su buga ranar Salla su ma gwiwa gare su. Ya ɗauko ƙarfen cire taya ya nufi fili, ya fara zare ƙusoshi shi kaɗai, sai can wasu suka kama masa. Daɓen ya fi ba da wuya, sai da aka sa diga. Tsofaffin Mazanya sun yi aikinsu da gaskiya.

Wani mai kuɗi daga wani gari ya aiko yana son ya sayi robar don filin samarinsu. Alhaji ya ce wa ɗan aiken ya zauna ya sha ruwa, ya ɗauko wuƙa ya yanka ta gunduwa-gunduwa a gabansa, daidai tsawon mai sujada, ya raba wa masallatan tasha. Ya ce, "Nan ba mai juyi a kanta." Da damina ta faɗi ya riƙa kwaso saiwar kiri-kiri daga bakin gulbi ana dasawa, ya sa aka kewaye filin da ƙaya saboda awaki. Ta kama a wasu wurare, a wasu ta ƙi. Ba zan ce an daina jin ciwo a filin ba. Ana targaɗe, ana gurjewa, wani ma ya karye da aka yi masa keta. Shi ma yakan ce bai yi alkawarin ciyawa za ta hana ciwo ba. Amma mutum ya faɗi shi kaɗai, ƙafa a kafe jiki ya wuce, ban sake ganin irinsa ba.

Bayan haka ya zo gidanmu. Ya zauna a zaure tare da ni, mahaifiyata ta tsaya bayan ƙyaure. Ya ce, "Yaya, na zo kan maganar ƙafar yaron ga." Ta ce, "Alhaji, Allah ne ya kawo. Mun yafe." Ya ce, "Na gode. To amma mi za ku ci?" Ya ce zai riƙa aiko da hatsi duk wata. Ta ce, "Ɗana bai mutu ba, Alhaji. Ka nema mishi abin yi, ya fi mini buhu." Ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Ya ce in miƙe ta dama in lanƙwashe, na yi. Ya ce in dafa bango da tafin ƙafa in danna, na danna. Ya ce, "To. Kulocin roka ƙafar hagu yake ci, taka lafiya take. Ta dama birki ne da totur, gaba da baya, ba juyi. Gobe ka same ni tasha."

Yaran motarsa ba su ji daɗi ba, kuma suna da gaskiya. Al'ada ita ce sai mutum ya yi shekaru yana karen mota, yana sa wa taya weji, yana hawa saman kaya, kafin a ba shi sitiyari. Ni ko hawa saman kaya ba zan iya ba. Ya tara su ya ce, "Layi na nan, kowa zai samu nashi. Wanga ni na karya shi, ni zan sa shi gaba. Mai jin haushi shi ji nawa." Koyarwarsa ba ta da taushi. In na gurza giya sai ya dafe ƙirji ya ce, "Sada, ni ka soka, ba ita ba." Yakan sa ni in yi ta danna birki mota na tsaye har cinyata ta kama rawa, ya ce naman cinya ne zai riƙe abin da igiyar ta saki. Bai taɓa ce mini sannu da ƙafa ba. Na dai lura ya sa maƙeri ya ƙara wani mataki a ƙofar direba, ya ce wai saboda tumbinsa ne.

Bara na samu lasisi. Ya bar ni na tuƙa motar ba kaya, sannan da rabin kaya, yana zaune gefena. Cikakken lodi ne bai kai ga ba ni ba, yana cewa sai bayan kaka. Kafin kaka ciwo ya kama shi. Idonsa ya yi ruwan ɗorawa, tumbin da muke tsokana ya koma kumburi, aka kwantar da shi a Katsina. Motar ta tsaya a tasha an rufe ta da tamfol.

Na je duba shi na tarar da ƙanensa Malam Nuhu, mai awon hatsi, a bakin gado. Alhaji ya rame ƙwarai, muryar ce kawai ba ta canza ba. Ya ce, "Nuhu, in ta Allah ta kasance, kada ku sai da motar ga. Ɗiyana ƙanana ne. Kuɗi ƙarewa suke, mota tana kawowa. Ku ba Sada." Malam Nuhu ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce, "Yaya, Allah shi ba ka lafiya ka tashi ka tuƙa abinka." Alhaji ya ce, "Addu'a na gode. Amsa nika so." Malam Nuhu ya shiga gyara masa mayafi. Da zan tafi Alhaji ya ce, "Ciyawar ta kama gaban gola?" Na ce ta gabas ta kama, ta yamma da saura. Ya ce, "A ƙara mata taki." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Bayan sadakar bakwai dangi suka zauna kan maganar mota. Ban ga laifin Malam Nuhu ba. Amanar marayu ce a wuyansa, ga dillali ya kawo mai saye, ga kuma mai ɗingishin da bai taɓa jan cikakken lodi ba. A gabana ya faɗa, bai ɓoye ba: "In gwiwar ga ta goce kan birki, da dukiyar marayu da rayukan mutane za ta tahi." Na san in aka sayar da motar, ba wani mai mota da zai ba ni tasa, zaman bakin tasha zan koma. Hajiya ce ta aiko daga cikin gida, tana takaba, ta ce abin da maigidanta ya faɗa wa ƙanensa ita ma ya faɗa mata, a gwada yaron ko sau ɗaya ne.

Aka yi lodin siminti zuwa Maraɗi. Malam Nuhu ya hau ya zauna inda Alhaji ke zama, carbi a hannu. Bayan an wuce Magama akwai wata gangara kafin a kai shingen iyaka. Muna cikinta sai garken shanu ya fito daga cikin sabara ya cika hanya, makiyayin na can baya. Na sauke giya, na taka birki. Na ji nauyin simintin ya taso ta bayana. Na ji gwiwar ta motsa a inda ta saba motsawa, cinya ta riƙe ta. Motar ta tsaya, wata farar saniya na kallonmu ta gilashi. Malam Nuhu ya sauke hannunsa daga inda ya dafe, ya ci gaba da jan carbi. Da shanun suka gama wucewa muka ci gaba da tafiya.

A shingen wancan gefe wani jandarma da ya san motar ya leƙo. Ya dube ni, ya dubi kujerar gefe, ya ce, "Ina Alhaji? Yau ba tsawa?" Malam Nuhu ya ce, "Alhaji ya riga mu gidan gaskiya." Jandarman ya cire hularsa. Can ya ce, "Allah shi jiƙan shi. To motar fa?" Malam Nuhu ya ce, "Ta marayu ce. Wanga shi ne direbanta, ku riƙe fuskatai." Aka ɗaga mana sanda muka wuce.

Allah ya jiƙan Alhaji Rabe, ya gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ni na yafe masa tun yana raye, ya ji da kunnensa, ina kuma sake faɗa a nan don duk wanda ya karanta ya zama shaida. Allah ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya haƙurin wannan rashi, ya raya 'ya'yan da ya bari, ya shirya su, ya sa su gaji gaskiyarsa. Allah ya taimaki Malam Nuhu kan amanar da ke wuyansa. Ni kuma Allah ya ba ni ikon dawo da motarsu gida lafiya duk tafiya, har babbansu ya isa karɓar makulli. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.